Ku Tambayi Yayanku: Su wa ake kallo a harkar Pokémon?

Makon nan saƙonnin da suka shigo yawancinsu kan Pokémon ne, wato gem ɗin nan da ake kama dodanni ana haɗa su faɗa, musamman masu yin bidiyonsa a YouTube da Twitch, dandalin da ake kallon masu wasa kai tsaye, don haka na ware guda huɗu, sauran kuma ku yi haƙuri sai wani satin in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani matashi a Zariya: Salam Yaya, ni dai Pokémon Emerald nake bugawa a waya, na cinye shi har na gaji, duk wanda na haɗu da shi kawai ƙara lebul nake yi in bi ta kansa. Wai akwai wani abu bayan wannan kuwa? Kai su wa kake kallo?

Wa alaikumus salam ƙanina. Akwai mana, ai kai ƙofar gidan kawai ka tsaya. Abin da kake yi faɗa ne da kwamfuta, ita kuwa ba ta tunani sosai, amma akwai gasar da mutum ke karawa da mutum ɗan'uwansa, sunanta VGC, kuma a nan ƙara lebul ba ya ceton kowa tunda duk a lebul 50 ake daidaita su. Kowa zai zo da dodanni shida, ka ga nasa ya ga naka, sannan kowa ya zaɓi huɗu, a fito da biyu biyu fili. To wanda zan fara tura ka wajensa shi ne Wolfe Glick, tasharsa WolfeyVGC, ɗan Amurka ne, shi ya ci kofin duniya a 2016 a San Francisco, kuma ya sake cin babbar gasar Turai da aka yi a Landan a 2025, ka ga ba tsohon labari yake ci ba. Abin da ya sa nake ji da shi gaskiya shi ne yadda in ya dawo daga gasa zai zauna ya bi wasan ɗaya bayan ɗaya, ya ce a nan na yi zaton mutumin zai kare kansa shi ya sa na kai wa ɗayan hari, a nan kuma na karanta shi ba daidai ba aka cinye ni, baya ɓoye inda aka doke shi. Yana da wata dabara da aka san shi da ita, akwai wani hari Perish Song wanda duk dodon da ya ji shi zai faɗi bayan zagaye uku sai dai in an janye shi daga fili, sai ya haɗa shi da dodo mai baiwar Shadow Tag irin Gothitelle da ke hana abokin karawa janye nasa, shi kuma ya yi ta kare kansa yana musanya nasa har lokaci ya cika, wallahi kana kallo kana ganin mutum ya san abin da zai same shi amma babu hanyar fita.

Bayan shi sai Aaron Zheng, wato CybertronVGC, shi mai sanyin magana ne, zai ɗauko tawagar wani ya yi bayanin dalilin kowane dodo a ciki kafin ya shiga wasa da ita, kuma yana cikin masu sharhi a manyan gasanni. In kana son koyo daga tushe ma shi ya fi sauƙin bi. Sannan don Allah ka nemi wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, inda Sejun Park ɗan Koriya ta Kudu ya zo da Pachirisu, wani ɗan ƙaramin kurege fari da ba wanda yake kallonsa da daraja, aikinsa kawai ya jawo duk hari kansa da Follow Me don abokinsa ya samu sarari, wani babban dodo Salamence ya sakar masa mugun hari Draco Meteor ɗan abin nan ya shanye ya tsaya da ƙafarsa, zauren ya kaure da ihu. In ka kalli wannan za ka daina tambayar wane dodo ne ya fi ƙarfi. Kuma ba sai kana da na'urar gem ta Switch ba kafin ka gwada, akwai Pokémon Showdown kyauta ne a intanet, ka haɗa tawagarka ka kara da mutane, ba ya cin data sosai.

Tambaya daga wata ɗaliba a Katsina: Yaya barka da aiki. Ina ta ganin kalmar Nuzlocke a kan bidiyoyi, mene ne shi, kuma wa ya fi iya shi? Ni ban damu da gasa ba, labari nake so.

Barka kadai ƙanwata. Nuzlocke doka ce da mai wasa ke ɗora wa kansa, gem ɗin bai tilasta masa ba. Duk unguwar da ka shiga dodon farko da ka ci karo da shi kawai za ka kama, in ya gudu ko ya faɗi shi ke nan ka yi asarar wurin, kuma duk dodonka da ya suma a faɗa to an ɗauka ya mutu, ba za ka sake amfani da shi ba. Yawanci kuma ana raɗa wa kowanne suna don ka shaƙu da shi. Abin ya samo asali ne a 2010 daga wani mai zane, Nick Franco, da ya buga Pokémon Ruby da waɗannan dokoki yana zana abin da ya faru.

Tunda labari kike so ki fara da Jaiden Animations, ita mai zanen katun ce, a 2019 ta yi bidiyon Nuzlocke ɗinta na farko a Ruby, kuma mutane da yawa ta wurinta suka san abin. Ta iya ba da labari, za ki ga kina jin zafin rasa wani dodo da ba ki taɓa damuwa da shi ba. Amma in maganar iyawa ce to Jan ne, Bajamushe mai tashar Pokémon Challenges. Shi nasa mai tsanani yake yi, ba shan magani a tsakiyar faɗa, ba wuce lebul ɗin babban abokin karawa da ke gaba a gem ɗin, kuma kafin kowane babban faɗa zai buɗe kalkuleta ya lissafa ko harin zai kashe ko ba zai kashe ba, har da lissafin in an yi rashin sa'a harin ya zo da ƙarfi fiye da ƙima. Akwai wani Emerald da magoya baya suka gyara suka ƙara masa wahala, Emerald Kaizo, sai a gwaji na 151 ya cinye shi, duk lokacin da tawagarsa ta ƙare sai ya koma farko. Zan gaya miki gaskiya bakinsa ba ya da linzami wani lokacin, in za ki kalla kusa da yara ki sa abin kunne. Sai SmallAnt ɗan Kanada, shi kuma mai ƙirƙiro wa kansa wahala ne, ya taɓa cinye Pokémon Platinum ba tare da an taɓa lafiyar dodonsa ko sau ɗaya ba.

Tambaya daga wata uwa a Kaduna: Ɗana shekararsa 11, kullum yana kallon wasu turawa suna yage fakitin kati suna ihu, yanzu ya fara cewa in saya masa. Shin abin nan ba caca ba ce? Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya ina gaisuwa, kuma damuwarki tana kan hanya. Hukuncin addini dai malamai za ki tuntuɓa, an san majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da fatawa kan Pokémon a 2001 kuma caca na cikin dalilan da ta kawo. Ni abin da zan iya faɗa miki shi ne yadda bidiyon suke aiki. Katin kansa wasa ne da ake bugawa tsakanin mutum biyu, da dokoki da dabara, amma masu irin bidiyon da yaronki ke kallo ba wasan suke bugawa ba, fakiti suke buɗewa, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, yawanci katunan banza ne, jefi-jefi a samu mai tsada. Mai tashar zai buɗe ɗaruruwa, a yanke duk inda bai samu komai ba a bar inda ya yi ihu, kuma shi ko bai samu ba kuɗin talla ya biya shi, yaron da ya sayi fakiti biyu da kuɗin mahaifiyarsa shi ba wanda zai biya shi. Harkar ta ƙara zafi ne wajen 2020 da 2021 lokacin da manyan masu suna suka shigo, Logan Paul, wani fitaccen mai tashar YouTube, ya mallaki kati ɗaya na Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5.275, ya rataya shi a wuya ya shiga filin kokawa na WrestleMania a 2022, kuma shi ɗin ne ya sayi wani kwali na dala miliyan 3.5 da aka buɗe aka tarar jabu ne, katunan G.I. Joe ne a ciki. In mai wannan kuɗin an yi masa haka, ina ga mu, jabun katin Pokémon ya cika kasuwa. Har gem ɗin waya na katin, Pokémon TCG Pocket da ya fito a Oktoban 2024, yana ba da fakiti kyauta kullum amma akwai inda ake sa kuɗi don a ƙara, don haka kar ki bar katin bankinki a maƙale a wayar da yake riƙewa.

Shawarata kar ki raba shi da Pokémon gaba ɗaya don zai je ya kalla a wayar aboki, ki canza masa abin kallon. Akwai tashar Lockstin & Gnoggin da ke bayanin daga wace dabba ko tsiro ko tatsuniya aka samo kowane dodo, yaro zai fito da sanin sunayen halittu da turancinsa ya ƙaru, akwai kuma Cybertron da na ambata a sama, maganarsa tsaf. Ki zauna ku kalli guda ɗaya tare ki tambaye shi me ya sa wancan harin ya fi wannan, za ki sha mamakin lissafin da ke kansa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam ni matsalata data ce da lokaci, duk sanda na shiga Twitch ba kowa, in na samu kuma minti kaɗan data ta ƙare.

Alhaji ai lokacin ne bai zo ɗaya ba. Tsakaninmu da New York awa biyar ne ko shida gwargwadon lokacin shekara, Kalifoniya kuma takwas ko tara, in suka kunna da yammarsu mu nan dare ya raba. Na Turai irin su Jan sun fi kusa da lokacinmu. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya hana idonsa barci saboda wannan, kusan dukkansu suna yanke wasan awa shida su mayar da shi minti talatin ko arba'in su ɗora a YouTube, ka sauke shi a 360p lokacin da data ta yi araha ka kalla in ka rufe shago, rubutun gem ɗin manya ne ana karantawa. Abin da kawai za ka rasa shi ne hira da sauran masu kallo, kuma wani lokacin ita ce wasan gaba ɗaya, kamar Twitch Plays Pokémon na Fabrairun 2014, inda aka haɗa Pokémon Red da akwatin hira, duk wanda ya rubuta sama ko ƙasa ko hagu sai ɗan wasan ya motsa, mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu, wannan na ja nan wancan na ja can, har suka saki wasu dodanninsu bisa kuskure, amma cikin kwana 16 suka cinye shi. Akwai taƙaitattun bidiyonsa da yawa, ka nemi ɗaya. In kuma Pokémon GO kake bugawa a waya to Trainer Tips da ZoëTwoDots su ne nake turawa mutane, bidiyonsu gajeru ne kuma suna faɗin abin da ke tafe a watan da dodon da ya cancanci ka kashe masa lokaci.