Me ya sa ba a ɗora babban dutse a ƙaramar giranda

Ka ce mini, "Oga, tunda ramin tsakiyarsu ɗaya ne, me zai hana mu cire murfi mu ɗora dutsen inci 9 a ƙaramar giranda, mu yanke wannan ƙarfen a wuce wurin?" Ramin kam ɗaya ne, zai shiga daram. To ajiye sifana ka ɗauko mini duwatsun biyu, wato faya-fayan yankan ƙarfen, tukuna.

Duba jikin ƙaramin, na inci 4 da rabi. An rubuta 13,300 RPM, wato iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti ɗaya ke nan. Babban kuma 6,600 da 'yan kai. Yanzu karanta takardar da ke manne a jikin injin: 11,000. Ƙaramin dutse yana da sauran sarari, babban kuwa injin ya zarce iyakarsa nesa ba kusa ba.

Ka taɓa korar tsuntsaye da majajjawa a gona? Muddin kana wulwulawa, igiya ce ke jawo tsakuwa zuwa hannunka, tana tanƙwara mata hanya. Kana saki, ba ta ci gaba da kewayawa, sai ta miƙe sambal. Haka kowane ɗan ƙwayar yashi da ke bakin dutsen nan yake. Duk abin da ke tafiya, miƙewa yake yi, sai in an sami ƙarfin da ya karkatar da shi. A nan danƙon da aka haɗa dutsen da shi, da ragar zaren da ke ciki, su ne ke jan kowace ƙwaya zuwa tsakiya ba hutu. Mutane na cewa juyi ne ke tura abu waje. A'a, riƙo ne ke gazawa, abin ya bi hanyarsa. Kalli tartsatsi in muna yanka, ai ba ka taɓa ganin ya zagaye dutsen ba, layi ɗaya yake bi daga inda ya fita.

Ga inda yara ke ruɗewa. Ƙarfin riƙon da ake bukata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin sai ya ninka huɗu. In ya ninka uku, tara. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Huygens, ya fitar da wannan lissafi tun 1673, tun babu giranda a duniya: gudu sau gudu, a raba da nisan abu daga tsakiya.

Mu gwada da namu. Duwatsun biyu an yi su ne don kada bakinsu ya wuce mita 80 a daƙiƙa, shi ne 80 ɗin da ka gani a rubuce. Ƙaramin a kan injin nan yana yin wajen mita 66. Babban, da yake faɗinsa ya ninka, zai yi 132, kusan kilomita 480 a awa. Wahalar da jikinsa zai sha ta kusa ninki uku na abin da aka amince masa. A wannan gudu, ɓarɓashi mai nauyin giram ɗaya a bakinsa sai an riƙe shi da ƙarfin da zai ɗaga kilo 15. Giram ɗaya fa! Ranar da danƙon ya gaza, gutsuren zai fita da wannan gudun, kuma murfin da ka ce a cire shi ne kaɗai tsakaninsa da fuskarka.

Shi ya sa nake yin faɗa in an bar dutse a ƙasa ruwa ya jiƙa shi, ko ya faɗi ya tsage ko yaya. Danƙon yana tsufa ma, akwai wata da shekara a buge a zoben ƙarfen tsakiya, in sun wuce a jefar.

Je ka ɗauko babbar giranda a sito. Ka ɗaure dutsen, ka sa tabarau, ka kunna ta ta yi juyi haka nan na ɗan lokaci, bakin yana kallon bango, kafin ka kai ta jikin ƙarfe.