Tambayarku Amsarmu: Mu kwana a Jos da yara ko mu miƙe Abuja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Zamu tashi daga Gombe zuwa Abuja bikin ƙanwar maigidana ƙarshen Disamba, a motarmu, da yara uku, babban shekararsa 9, mai bi masa 5, sai ta goye wata 8. Shi Abbansu yace mu yi sammako mu miƙe rana ɗaya, ni kuma nafi so mu yada zango a Jos mu kwana ko yaran nan sa ga gari tunda basu taɓa fita ba. Yana cewa ɓarnar kuɗi ce, ga kuma tsoron rikici. Wai me zamu gani in mun tsaya? Daga Maman yara uku, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kaimu bikin lafiya. Gaskiya ni ina bayanki, ku kwana. Amma in zaki yiwa Alhaji magana kar ki fara da zancen yawon buɗe ido, fara masa da zancen hanya, shi ne zai fi shiga kunnensa. Daga Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne, Bauchi zuwa Jos kuma wajen 130, ga shingayen jami'an tsaro ga ramuka ga tsayawar fitsarin yara da sallah, kafin ku iso Jos rana ta take, kuma mafi wuyar tafiyar tana gaba. Bayan Riyom akwai Hawan Kibo, gangare ne mai tsawo da kwana-kwana inda tireloli ke yawan samun matsalar birki, ba wajen da direban da ya gaji tun asuba zai sauka da iyalinsa bane, balle ace yamma tayi. Da safe ake sauka Hawan Kibo, ido a buɗe, an duba birki da taya.

Zancen tsoro kuma ban raina shi ba, garin ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da wasu lokutan bayan nan, kowa ya sani. Amma mutane na shiga suna fita kullum. Ku saurari labarai kwana biyu kafin tafiya, ku kira wanda kuka sani a can, ku shiga gari da rana, ku nemi masauki wajajen Bauchi Road tunda ta nan zaku shigo, in magariba tayi kowa ya shige ɗaki.

Toh sai sanyi, wannan kam dan Allah ki ɗauke shi da gaske. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, sanyin Disamba na can ba irin na Gombe bane. Farkon zuwana da yarana na ɗauka rigar sanyi ɗaya-ɗaya ta isa, wallahi da asuba ƙaramar tawa haƙoranta har ƙara suke, ruwan alwala kamar daga firji aka ɗebo, sai da na naɗe ta cikin zanena da hijabina duka kafin ta koma barci. Ki haɗa musu hula da safa da suwaita mai kauri, bargon jaririya daban, da man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da ƙafa, kuma ki tambayi masaukin ko suna da ruwan zafi tun kafin ku biya.

Abin gani kuwa yana da yawa amma ki zaɓi guri ɗaya tak, gidan tarihi na Jos. An buɗe shi a 1952, a nan ake ajiye kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tono su wajen haƙar kuza a 1928, shekarunsu sun haura dubu biyu. Ɗan shekara 9 ɗinki ƙila an koya masa Nok a makaranta, yau gashi zai gani da idonsa, idanun nan masu huji da kitson da aka zana a kan yumɓu tamkar jiya aka yi. A harabar akwai inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, irin ginin Babban Gwani, shahararren maginin nan na Zazzau, ku shiga ciki ki nuna musu bakan gizon rufin, ki bari su taɓa bangon da hannu. Gidan zu na nan maƙwabtaka, da ƙafa ma zaku taka, kinga ɗan shekara 5 shima ya samu nasa. Jos Wildlife Park da duwatsun Shere ku barsu sai wani zuwan, tafiyar ƙafa ce mai yawa ga mai goyo.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, kududdufan da haƙar kuza ta bari wajajen Rayfield da Bukuru. Ruwan lumui gwanin sha'awa amma zurfi garesu sosai, kar ki saki hannun yaro a bakinsu ko don ɗaukar hoto.

Washegari kuyi karin kumallo mara maiƙo, shayi da burodi ya isa. Kuna wuce Mararrabar Jama'a ki ce su zuba ido ta taga, zasu ga duwatsun Riyom an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera. In kun fara gangara kunnuwansu zasu toshe, ki baiwa manyan cingam ko alawa, jaririyar kuma ki sa mata nono, haɗiyar ce ke buɗe kunnen. A karɓe waya daga hannunsu har ku sauka saboda amai, leda da kayan canji su zauna kusa dake ba a but ba.

Kafin ku bar gari ku biya kasuwar Farin Gada, dankalin turawa da karas da kabeji ɗanye shar, in kin dace ma har sitiroberi zaki samu tunda lokacinsa ne. Ki ɗauki buhun dankali ɗaya na gidan biki, surukarki zata ji daɗinsa.