Tambaya da Amsa: Na sayi kayan da aka taɓa dafa burukutu a ciki, zan iya kunun zaƙi da su?

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Gaya, ina sana'ar kunun zaƙi da zoɓo, yara na kai min bakin makaranta da tasha. Da na ɗau adashe sai na ba maigidana ya je Wudil ranar Juma'a ya haɗo min kaya na hannu tunda sabo ya fi ƙarfinmu, ya zo da ƙatuwar tukunyar dalma da randar ƙasa guda ɗaya da shuɗin duro na roba da bokitin ƙarfe biyu. Toh ina buɗe randar naji wani tsami ya bugi hancina, da ya koma ya matsa wa dillalin sai yace ai tukunyar da randar daga hannun wata mai burukutu suka fito, duron kuma wai bai san me aka zuba a ciki ba amma ai ba komai. Wlh Anti kwana uku ban runtsa ba, kuɗin sun tafi, ga tsoron kar na ciyar da musulmi haram. Dan Allah ya zanyi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka, kuma naji daɗi da baki rufe ido kin dama kunu kin ba yara sun fita dashi ba. Amma bari na faɗa miki, burukutun da ya hana ki barci shine mafi sauƙi a cikin kayan nan. Duron da aka ce miki ba komai, shi ya tayar min da hankali.

Mu fara da abinda ke ranki. Sahabi Abu Sa'alaba ya taɓa tambayar Manzon Allah (SAW) kan ƙoren Ahlul Kitabi, a ruwayar Abu Dawud har ya ambaci cewa suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a ƙorensu, aka ce masa in akwai wasu a yi amfani da wasun, in babu a wanke da ruwa a ci a sha. Kinga kenan tukunyar ƙarfe wanki ke tsarkake ta, sabulu da soso da ruwa mai yawa har wari da ɗanɗano su tafi. Ki ƙara ji daga bakin malamin unguwarku don zuciyarki ta kwanta.

Randar ce ban yarda ki sa kunu a ciki ba, ko da kin wanke ta sau goma. Ƙasa tana shan abu, shi yasa ma randa ke sanyaya ruwa, tana tsatsafo ta wasu ƙananan ƙofofi da ido baya gani, toh a cikin ƙofofin nan yis ɗin burukutu ke maƙalewa soso baya kai masa. Kuma ki duba sana'arki da kyau, kunun zaƙi da burukutu hanyarsu ɗaya a farko, hatsi ne da tsiro, tsiron nan shi ke juya gasara ta koma zaƙi, inda suka rabu shine ke kina tacewa da safe ki sayar a ranar, masu burukutu kuma suna barinsa yis ya cinye zaƙin ya maida shi giya. Yanzu in kika juye kununki mai ɗumi ya kwana a randar da ta saba da wancan aiki, a zafin watan Afrilu da ake haura digiri 40, ai kin haɗa masa duk abinda yake nema, kafin azahar zaki ga yana kumfa yana tsiyaya, murfin gora na tashi da kansa. Ko a zamanin Annabi (SAW) ana jiƙa masa zabibi ko dabino ya sha, amma baya wuce yammacin kwana na uku, abinda ya rage a bayar ko a zubar. Namu kunun a wannan zafin rana ko kwana ɗaya baya kaiwa lafiya in ba ƙanƙara. Randar ki kai ta bayan gida ta riƙe ruwan wanki ko na yayyafin shuka, bata yi asara ba.

Yanzu duro. Ƙanwata shuɗin duron nan da kike gani ba don ruwan sha aka shigo da yawancinsu ba, kamfanoni ne ke sayo sinadarai a ciki, na fenti, na sabulu, na jimar fata, na rini, wasu kuma kayan abinci ne kamar ruwan sikari, in sun ƙare a sayar da fankon ya bi hannu ya bi hannu har ya iso kasuwar ƙauye an kankare takardar jikinsa. Roba kuma tana tsotsar wasu sinadaran ta riƙe, sai ta dinga sakinsu a hankali musamman in abu mai zafi ko mai tsami ya shiga, kuma ba kowace guba ke da wari ba balle kice zaki gane da hanci. Zaki ji ana cewa a duba gindinsa in an ga lamba 2 a cikin alama mai kusurwa uku toh lafiya lau, wannan lambar irin robar kawai take faɗa miki, bata faɗin me ya kwana a ciki. In da sauran takarda a jiki ki ba mai karatu ya duba, in kinga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa ko wata alama mai jan baki zancen ya ƙare. In babu takarda kuma dillali yace bai sani ba, toh ki ɗauka nima amsata kenan, kar ya ga kunu, kar ya ga ruwan sha, ko na dabbobi ban so. Maigida ya maida shi ko da za'a rage masa wani abu, ya sayo sabon baho ko babban bokitin roba mai murfi wanda ke kika fara buɗe shi.

Ina zafi kan wannan ne saboda na gani da idona a ƙauyenmu, jarkar maganin feshi in ta ƙare bayan damina sai a ɗauraye a zuba nono ko man gyaɗa ko a ba yaro ya tafi da ruwa gona, kuma a jikin jarkar an rubuta kar a sake amfani da ita. Baki manta 2021 ba a Kano, da aka kwantar da ɗaruruwan mutane wasu na fitsarin jini wasu suka rasu, daga shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Masu haɗa lemon nan ba mugunta suka nufa ba, abinda basu san asalinsa ba suka saya don yafi araha.

Tukunyar dalma kuma tsarkinta ba matsala, amma akwai magana. Maƙera na narka tarkacen alminiyon ne su zuba ta, gwangwanin lemo da tsofaffin kayan inji da duk abinda 'yan gwangwan suka kawo, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan irin waɗannan tukwane a Kamaru da wasu ƙasashe sun nuna wasunsu na sakin gubar dalma in aka dafa abu mai tsami a ciki. Gubar nan kin san ta, ita ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, can dai daga dakan dutsen zinare ne a cikin gidaje ba daga tukunya ba, amma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma su waye kwastomominki in ba 'yan makaranta ba. Dan haka ki raba aiki. Tafasa ruwan dama kunu ki yi a cikinta ba damuwa sosai, ki cika ta da ruwa ki tafasa kamar awa ɗaya ki zubar kafin ki fara, cikin zai yi duhu, wannan duhun kariya ne kar ki bi shi da soson ƙarfe ko toka kina neman ƙyalli. Amma zoɓo da tsamiya da lemon tsami kar su dahu a ciki balle su kwana, kanwa ma tana cin alminiyon. In kinga cikin ya yi ramuka kamar zanzana ko an taɓa liƙe ta da dalma, a bar ta. Zoɓo ki tafasa ruwa ki juye kan ganyen a tukunyar sitenles ko fanteka mai tangaran da bata ɓantare ba, ko ƙarama ce ki yi sau biyu kafin Allah ya hore babba.

Bokitan ƙarfe na ɗiban ruwa ne kawai, farin jikinsu tutiya ce, tsami na narkar da ita ta sa amai da murɗar ciki.

Baki tambayi gorori ba amma nasan na hannu kike saye kamar kowa. Ki san daga inda ake tsinto su, na bola da na bakin asibiti ki ƙi. Ki wanke da sabulu da buroshi har murfin, ki jiƙa a ruwan da kika sa bilic irinsu Hypo ko Jik, cokalin shayi ɗaya a kowace lita, minti kaɗan, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta ki kife su bushe. Kar ki haɗa bilic da lemon tsami ko wani abin wanki, kar kuma ki zuba shi a tukunyar dalmar. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa gorar, shi yasa kunu sai ya huce ake ɗurawa. In maigida ya koma Wudil Juma'a mai zuwa ki rubuto min yadda suka ƙare da dillalin kan duron.