Ƙirga Juzu'an Tukuna Kafin Ka Taɓa Injin

Ka ce wani ya kawo maka littafin Sudanese Memoirs na Palmer, kana tambaya ko ka yanke gefen takardun ka sa sabon bango, wai kuma wane ne Palmer ɗin. Ajiye wayar nan in kana son ji.

Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1877, ya mutu a 1958. Ya yi aiki a Katsina, ya yi Razdan a Barno, daga 1925 zuwa 1930 shi ke riƙe da Arewa, daga nan aka kai shi Gambiya gwamna. Bin malamai ya riƙa yi yana karɓar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci yana juya su Turanci. Fassarar tana da amfani, amma in ya shiga kame-kamen asalin kalmomi da ƙabilu, ko rabi ban yarda da shi ba.

Duba shafin farko. In bugun Legas ne na 1928, juzu'i uku kowanne da bangonsa, kada injin yanka ya kusance shi. In na Landan ne na 1967 da aka haɗe ukun wuri guda, yi masa yadda ka ga dama. Ɗinki da gam kuwa, shekararka biyu a shagon nan, ba zan ɓata yawuna ba.

Littafin nan ya taɓa ci mini keke. Wata tsohuwa, mijinta tsohon akawun En'e ne, ta kawo mini ukun a akwatin ƙarfe in sayar mata. Gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Sai ga wani da babbar riga da tabarau, wai daga jami'a yake. Juma'a uku yana zuwa, da goronsa, Malam kaza Malam kaza, har na saki jiki. Rannan ya ce in ba shi na ukun kawai ya nuna wa shugabansa, ya ajiye ɗan kafin alƙalami, gobe zai zo da cikon kuɗin ya kwashe duka. Ashe ya san abin da yake yi. A na ukun ne tarihin Kano yake, na su Barbushe da Bagauda, wanda Palmer ya fara bugawa tun 1908, shi kowa ke nema. Har jami'ar na taka, ba wanda ya san mai wannan kama. Biyun da suka rage duk wanda ya ɗaga sai ya ce ina cikon, ya ajiye. Tsohuwa kuwa amana ta ba ni, na sayar da kekena na biya ta, na yi wata takwas ina zuwa shago a ƙasa.

Ku yaran yanzu da an kira ku oga sai ku miƙa mabuɗin shago. Je ka ƙirga juzu'i nawa mutumin ya kawo, ka rubuta a littafin shago a gabansa, ka ce masa ya dawo bayan la'asar ya same ni.