Kun Tambaya: Da gaske matan Latbiya sun rasa mazan aure?

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Don Allah wani bidiyo ne ake ta yawo da shi a WhatsApp da Facebook wai akwai wata ƙasa Latbiya a Turai, mata sun yi wa maza yawa har hayar miji suke yi na awa ɗaya, wasu ma cewa suke gwamnati na biyan duk baƙon da ya je ya auri 'yar ƙasar. Abokina har ya fara zancen fasfo. Gaskiya ne ko ƙanzon kurege?

AMSA: Wa'alaikas salam ƙanena. Ka ce wa abokin nan naka ya riƙe kuɗinsa, babu gwamnatin da ke biyan kowa don ya zo ya yi aure a Latbiya, mata ɗaya doka ta yarda da ita, kuma auren bogi don samun takardar zama laifi ne a dokarsu tun 2013. Shi kuma mijin awa ɗayan nan sunan talla ne na masu gyare-gyaren gida, famfo ya lalace ko ana so a haɗa kabad sai a kira su, su gyara a biya su su tafi.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza, mata sun fi maza yawa da gaske, wajen mata 115 ga kowane maza 100, kuma duk Tarayyar Turai da wuya ka samu inda tazarar ta kai haka. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne su waye matan. A wajen haihuwa yara maza sun ɗan fi mata yawa kamar ko'ina a duniya, kuma a tsakanin samari da 'yanmata masu shekarun aure ma mazan ne suka ɗan rinjaya. Sai an haura arba'in lissafin yake juyawa, in aka kai shekara 65 zuwa sama kuwa mata sun ninka maza. Kenan rarar matan nan da ake ta yi wa dariya yawancinsu tsofaffi ne da mazansu suka rasu, kakanni ne masu zaman kaɗaici a ɗakunan benayen nan na siminti da aka gina zamanin Sobiyet, suna lallaɓa ɗan fansho.

Wallahi wannan ne yake damuna da labarin, an ɗauki mutuwar maza an mayar da ita abin raha. Namiji a Latbiya a matsakaicin lissafi yana rayuwa wajen shekara 70, mace wajen 80, tazarar kusan shekara 10 kenan. A 1994, lokacin da komai ya ruguje bayan ƙasar ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, masana'antu suka rufe kuɗi ya zama takarda, tsawon ran namiji sai da ya sauko kusan shekara 60. Giya tana ciki, ƙasar na sahun gaba a Turai wajen sha, wajen lita 12 na zallar barasa ga kowane baligi a shekara, kuma maza ne suka fi kwankwaɗa. Ga taba, ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki waɗanda su kaɗai suke ɗauke kusan rabin masu mutuwa, ga haɗarin mota, ga masu kashe kansu da mafi yawansu maza ne. Sannan namiji ba ya son zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da shi, tsarin lafiyar ma bai taimaka ba, kowa yana da likitan iyali amma aikin da gwamnati ke biya yana da adadi, in adadin ya cika sai mutum ya bi layi na watanni ko ya biya daga aljihunsa, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Mai ƙaramin albashi da yake jin nauyi a ƙirji sai ya ce bari dai ya ƙara jira.

Ƙasar ma gaba ɗaya zagwanyewa take. Ƙidayar 1989 ta nuna mutum miliyan 2.67, yau ba su kai miliyan 1.9 ba. Riga babban birnin ya haura mutum 900,000 a wancan lokacin, yanzu wajen 600,000 ne. Birnin Daugavpils da ke yankin Latgale can gabas ya faɗo daga sama da 120,000 zuwa ƙasa da 80,000, kuma a ƙauyukan yankin makarantu ake ta rufewa ana haɗe su saboda babu yaran da za su cika aji.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni uwa ce mai 'ya'ya, na ji ana cewa ƙasashen nan irin su Latbiya har kuɗi suke ba mace in ta haihu, to in haka ne me ya hana su haihuwar? Ko dai son jin daɗi ne kawai?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari ke ma. Eh ana bayarwa. Tun 2022 kuɗin iyali da gwamnati ke biya duk wata yuro 25 ne ga mai ɗa ɗaya, 100 ga mai biyu, 225 ga mai uku, in sun kai huɗu kuma yuro 100 kan kowane yaro. Hutun haihuwa kwana 112 ne, uba ma yana da kwana 10 na aiki, bayan nan akwai kuɗin reno na sama da shekara, masu 'ya'ya uku zuwa sama kuma ana ba su wani kati na rangwame a motar haya da wasu wurare. Duk da haka jariran da aka haifa a 2023 ba su kai 15,000 ba, alhali waɗanda suka mutu sun kusa ninka hakan, a 1987 kuwa haihuwa ta haura 40,000. Tun 1991 babu shekarar da haihuwa ta fi mutuwa yawa.

Ni dai ban yarda son jin daɗi ne ba Hajiya, ko da akwai masu shi. Babbar matsalar ita ce iyayen ne babu. A ƙarshen shekarun 1990 haihuwa ta faɗi warwas, a 1998 lissafin ya tsaya wajen ɗa 1.1 ga kowace mace, to waɗannan 'yan tsirarun yaran su ne yau suka kai shekarun haihuwa, ko kowaccensu ta haifi biyu ba za su cike gurbin ba. Ƙari a kan haka da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004, Birtaniya da Ayalan da Suwidin suka buɗe ƙofar aiki nan take, matasa suka kwashi jaka. Sai rikicin tattalin arziki ya zo a 2008, bankin Parex ya durƙushe gwamnati ta karɓe shi, aka ƙulla yarjejeniyar bashin yuro biliyan 7.5 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Turai, aka zaftare albashin malamai da ma'aikatan jinya, rashin aiki ya kai wajen kashi 20, wani ayarin ya sake tashi. Waɗanda suka tafin ba tsofaffi ba ne, masu shekara ashirin da talatin ne, sun haihu kam amma a Dublin da Landan, yaran suna can makarantun can, sai dai lokacin zafi a kawo su gaida kaka a ƙauye a yi bikinsu na gargajiya mai suna Jāņi a watan Yuni a koma.

Ga waɗanda suka zauna kuma, yuro 25 ba ta biyan kuɗin ɗumama ɗaki a hunturun da ke ɗaukar watanni. Aure yana yawan mutuwa, ƙasar na cikin na gaba a Turai wajen saki, kusan kashi 40 na jarirai ma ba a cikin aure ake haifarsu ba, mace tana ganin yadda uwarta ta yi reno ita kaɗai dole ta yi dogon tunani kafin na biyu. Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kuma ga fargaba, suna da iyaka da Rasha, har an dawo da aikin soja na dole ga samari a 2023.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne daga 2011 zuwa 2016 haihuwa ta ɗaga har ta kai wajen 1.7, daidai lokacin da aiki ya dawo albashi ya ƙaru aka kuma gyara kuɗin reno. Ashe mutanen suna so, hali ne yake hana su. Da ni ake tambaya, kafin ƙarin kuɗin haihuwa sai a fara da rage layin asibiti, da albashin nas-nas ɗin da ke guduwa Jamus da Norway, da auna hawan jinin magidanta tun suna shekara arba'in, don uban da ya kai tsufa shi ne yake kama wa 'yarsa renon jika har ta yi tunanin ƙara wani.