Amsa kan power() da ke ba da sifiri

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena na Tawa, na ji saƙonka, ka ce ka buga 10.0 ^ (-18), wato aikin power() na ɗaga lamba bisa wata, cikin manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL ya ba ka sifiri zalla, har kana zargin kwamfutarka. A'a, ƙyale ta. Buga select version() tukuna ka ga wane PostgreSQL gare ka, ina da yaƙinin ba ka kai PostgreSQL 16 ba.

Abin da ke faruwa, a tsofaffin, in lambar sama cikakkiya ce, irin 18 ɗin nan ba ɗigo, to shi yana duba lambar ƙasa ce kawai ya yanke gurbi nawa zai ba ka bayan ɗigo, mafi ƙaranci 16. Kai kuma ɗayan da ke cikin amsarka yana can gurbi na 18 bayan ɗigo. Ina zai zauna? Sai ka ga sifiri 16 jere. Dean Rasheed, ɗaya daga cikin masu gina PostgreSQL, shi ya gyara wannan, ya shigo cikin PostgreSQL 16 da ta fito Satumba 2023. Yanzu sai ya kintaci girman amsar tukuna, ya bar maka lambobi 16 masu ma'ana komin ƙanƙantarta.

To na san halin wurin aiki, ba a tashi yau a ce a sabunta PostgreSQL ɗin da ke kan saba, wato babbar kwamfutar wurin, sai patoro ya sa hannu. Kafin nan ka faɗaɗa lambar ƙasa da kanka, ka rubuta 10::numeric(50,40) sannan ka ɗaga ta. Gurbi 40 zai ba ka, ɗayan ya fito.

Amma tsaya, akwai wadda ta fi wannan cin mutane, kuma ita sabuntawa ba ta maganinta. In ka rubuta power(3, 40) haka tsirara, ba nau'in numeric mai riƙe lamba cikakkiya yake ɗauka ba, nau'in double precision ne, mai riƙe lambobi 15 zuwa 17. Amsar gaskiya 12157665459056928801 ce, lambobi 20, shi kuwa zai ba ka 1.2157665459056929e+19. Wutsiyar ta tafi. Wasu sai su liƙa ::numeric a ƙarshe, wai sun gyara. Ina! Tela ya riga ya yanke yadi, ka dawo kana cewa ya ƙara tsawo. A kan 3 ɗin za ka sa shi, tun kafin lissafi. In kana shakka, pg_typeof() zai faɗa maka nau'in da ya ɗauka.

In kuɗi ne kuma, don Allah round(), mai rage lambobin bayan ɗigo, sau ɗaya, can ƙarshe, tunda sefa ba ma biyan ta da santim. Gwada ka turo mana hoton abin da ya fito.