Amsa ga mai son canza injin Hilux: turbo ko 5L?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena na Marwa, ka ce tsohuwar Hilux ɗinka mai injin 2L ta fara shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi, kuma makanikai sun raba maka hankali: wasu sun ce ka ɗora D-4D, wato injin dizal na zamani na Toyota, wasu sun ce a haɗa maka turbo, abin da ke cusa wa inji ƙarin iska, don ta ja lodin albasa. Bari in ba ka nawa, don ni na riga na sha wannan ruwan.

Tawa ma 2L ce. Da ta gaji aka zuga ni na sa 2L-T mai turbo, na hannu. Watannin farko kam sai son barka. Ranar da ta tona min asiri muna hawan falez ɗin Ngaundere, hanyar dutsen nan ta arewacin Kamaru, da kaya, bayan mun kwaso zafin Afrilu tun daga Garwa. Allurar zafi ta ɗan ɗaga, na ce bari in ƙarasa kwanar nan tukuna. Ban ƙarasa ba. Da ta huce na buɗe murfin lagireto na tayar, sai ga ruwa yana ɓulɓulo da kumfa kamar tukunya a kan murhu. Kilas, wato kan injin, ya tsage. Kwana biyu muka yi a bakin hanya ni da yaron mota, albasa tana gumi cikin buhu. Daga baya na ji cewa tsagewar kilas tsohon ciwon 2L-T ne, 1KZ ma, wani injin Toyota mai turbo, haka yake in ya ɗau zafi.

Haɗa turbo a injin da ba a ƙera shi da turbo ba ya fi wannan haɗari. Waɗannan injunan suna matse iska wajen ninki 22, ka ƙara musu iska da gazuwal, wato man dizal, zafin ba shi da wajen zuwa sai fistin da kilas. D-4D kuwa inji ne mai kyau, ban ƙi ba, amma yana tafe da kwamfutarsa da wayoyinsa, kuma nozul ɗinsa masu fesa mai ba sa yafe gazuwal ɗin jarka. Ya tsaya maka tsakanin Mora da Kusiri, wa zai taɓa shi?

Ni 5L na koma. Gidansu ɗaya da 2L da 3L: lita 2.4, 2.8, sai shi 3.0. Yana zama a mazaunin tsohon ba tare da yanke-yanke ba, kuma duk garejin da ka shiga an san shi. Sai dai ka lura, akwai 5L akwai 5L-E. Mai E ɗin famfon gazuwal ɗinsa na lantarki ne, sai da kwamfuta. Ka karanta lambar da ke jikin injin da idonka, kada ka tsaya ga bakin dillali. In daga Hiace aka ciro shi, kaskon baƙin mai na ƙasa kan bambanta, to kada ka yi saurin sayar da tsohon injinka, za ka ciri abubuwa a jikinsa.

Wajen saye, ka je da sassafe a tayar da shi da sanyinsa a gabanka. Mai kaya in ya riga ka ɗumama shi, akwai abin da yake ɓoyewa. Yana aiki ka buɗe murfin baƙin mai ka ɗora tafin hannu: in yana huro hayaƙi da ƙarfi, ringi sun tafi. In ka ga farin abu kamar kindirmo a ƙarƙashin murfin, ruwa ya shiga mai, ka yi gaba. A ba ka shi da famfo da sitata da altaneta, don a bayan altanetan ne abin da ke ba birki iska yake.

Kafin ya shiga mota a canza bel ɗin taimin da famfon ruwa. Bel ɗin na kilomita 100,000 ne, kuma ba wanda ya san nawa ya ci a hannun mai shi na farko. In ya tsinke, fistin da bawul ne za su gaisa.

Kuɗin turbo ɗin kuma ga inda zan zuba shi: sabon lagireto mai kauri, kulochin fanka mai kamawa, gyaran nozul da saita famfo wajen wanda ke da injin gwaji, tacen gazuwal mai raba ruwa, sai tacen iska na kirki saboda ƙurar hunturu. Tamostat ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda makanikanmu ke son cirewa su yar, ka ce a bar maka shi. Manyan tayoyi ma ka haƙura, ƙarfin da ka saya su za su cinye. Birki a duba shi sosai, saukowar falez da lodi ta fi hawansa ban tsoro.

Takarda kuma: ka ajiye rasiɗin injin mai ɗauke da lambarsa, ka je ofishin sufuri a daidaita kat giriz, wato takardar rajistar mota, kada ka zo kana dogon bayani a shingen jandarma.

Ka turo hoton lambar injin da na ƙasansa kafin ka ba da kuɗi, ka kuma faɗa min taka mai jan ƙafa huɗu ce ko biyu.